Kinovea a ɗakin gashin ƙashi: abin da take aunawa da abin da ba ta gani

Yawancin waɗanda ake kawo mana a nan Katsina ba karaya ce ke kawo su ba, karayar ta riga ta haɗe. Abin da ya biyo bayanta ne. An yi ɗori a gida ko an sa filasta a asibiti, ƙafa ta yi makonni a miƙe, ranar da aka kwance sai gwiwa ta ƙi lanƙwasa. Haka gwiwar hannun yaron da ya faɗo daga bishiya, haka kafaɗar mai ciwon suga da ta ƙage har ba ta iya ɗaura ɗankwali. Aikinmu shi ne mu dawo da wannan motsi kaɗan-kaɗan, kuma mai wannan aiki dole ya riƙa aunawa, domin ido yana son ya ga sauƙi ko da babu shi.

Abin awon da aka koya mana tun a makaranta shi ne goniyomita: rula biyu na roba da aka haɗa a tsakiya, da da'ira mai lambobi. Ana ɗora tsakiyarsa a kan gaɓar, a bi ƙashin sama da ɗaya rular, a bi na ƙasa da ɗayar, a karanta digiri. Yana da araha, yana shiga aljihu, ba ya neman caji. Har gobe yana cikin aljihun rigar aikina. Sai dai yana son hannu biyu, ga shi kuma ƙafar mara lafiya tana son wani hannun da zai tallafe ta. Ba ya auna komai sai abin da ya tsaya cik. Sannan ma'aikata biyu za su auna gwiwa ɗaya a sa'a ɗaya su fito da lambobi daban, shi ya sa a aikinmu bambancin da bai kai digiri 5 ba ba ma ɗaukarsa a matsayin canji na gaske.

Kinovea manhajar kwamfuta ce da ake loda wa bidiyo a yi awo a kansa. Wani Bafaranshe mai suna Joan Charmant ne ya ƙirƙire ta, kyauta ce, ba rajista ba kuɗin wata, kuma da zarar ka sauke ta ka gama da intanet. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a inda sabis ke zuwa yana tafiya. A Windows kaɗai take aiki, babu ta a waya. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da nake da ita tana ɗaukarta ba tare da wahala ba. An yi ta ne da masu wasanni a zuciya, masu horar da 'yan gudu da 'yan tsalle, amma ma'aikatan gashin ƙashi sun daɗe da karɓarta.

Aikin da ke cikinta ba shi da wuyar koyo. Ka buɗe bidiyo, ka tafi da shi hoto bayan hoto har ka iso daidai inda gaɓar ta kai ƙarshen lanƙwasarta, ka tsayar. Ka ɗauki alamar kwana, wato kusurwa, ka ja ɗigo uku zuwa wurare uku a jikin mutum, lamba ta fito nan take. Abin da ka zana ana iya ajiye shi a wani ɗan fayil daban, bidiyon asali yana nan yadda yake. Ana iya jera bidiyo biyu gefe da gefe, ko a ɗora ɗaya a kan ɗaya. Akwai agogon auna lokaci, akwai layin auna tsawo idan ka nuna mata wani abu a cikin hoton da ka san tsawonsa, kuma tana fitar da lambobin zuwa jadawalin da Excel ke buɗewa. A yini ɗaya mutum zai iya duk wannan.

Abin da ba a koyo a yini ɗaya shi ne inda ɗigon uku za su zauna. A gwiwa, na sama yana kan tudun ƙashin cinya da ake ji a gefen ƙugu, na tsakiya a kan ƙullin ƙashin cinya da ke gefen gwiwa ta waje, na ƙasa a kan idon sawu na waje. Idon sawu kowa na ganinsa. Na ƙugu kuwa, a jikin mace mai ƙiba, sai an lalubo shi da yatsa: ina dafa gefen ƙugun, in ce ta juya tafin ƙafarta ciki da waje, in ji ƙashin yana mirginawa ƙarƙashin yatsuna, sannan in manna alama. Farin filastan asibiti nake yankawa ɗan murabba'i, in ɗiga baƙin maka a tsakiya. Fari a kan fatarmu yana fitowa tar a bidiyo. A watan Afrilu gumi kan ɓamɓare shi kafin a gama, don haka sai an goge wurin da auduga ya bushe tukuna. Wanda bai san ƙashi da hannunsa ba, manhajar za ta ba shi lamba mai kyan gani, amma lambar ba ta gwiwar ba ce, ta filastan ce.

Ga wani abu da ke rikita sabon shiga. A asibiti, miƙaƙƙiyar ƙafa sifili ce, daga nan ake ƙirga lanƙwasa. Alamar kwana ta Kinovea kuwa tana ba da kwanar da ke tsakanin cinya da ƙauri, wato miƙaƙƙiyar ƙafa 180 za ta nuna. In ta rubuta 110, lanƙwasar gwiwar 70 ce. Sababbin fitowarta suna da zaɓin da ke juya lissafin, amma sai ka kunna shi da kanka. Duk wanda zai rubuta a katin mara lafiya ya tabbatar da wace ƙirgar yake rubutawa.

Dalilin da ya sa na riƙe wannan manhaja bai wuce sallah da tsuguno ba.

Jadawalin da muke karantawa a littattafai, wanda ya samo asali daga ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka, ya ce lafiyayyar gwiwa tana lanƙwasa zuwa digiri 135, gwiwar hannu 150, kafaɗa tana ɗaguwa zuwa 180. Littattafan suna kuma faɗin abin da rayuwar yau da kullum ke buƙata daga gwiwa: tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri wajen 65, hawa bene 80 da ɗoriya, zama da tashi daga kujera 90 da ɗoriya. A ƙasar da ake cin abinci a tebur, ake zama a kujera a bayan gida, mutumin da ya kai 110 an sallame shi, ya warke. A Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga, mai 110 bai warke ba. Ba zai zauna a tabarma ya ci tuwo da iyalinsa ba. Ba zai tsuguna a masai ba. Ba zai yi zaman tahiya ba, domin wannan zama da cikakken tsuguno suna neman gwiwa ta naɗe har ƙauri ya haɗu da cinya, wajen 150 ko fiye. Ban taɓa jin wata tsohuwa ta tambaye ni digiri nawa ta kai ba. Tambayar ɗaya ce: yaushe zan bar sallah a kujera? Malamai sun yi bayani cewa mara lafiya yana da rangwame, kuma ina tuna musu hakan, amma wadda ta yi shekara sittin tana sa goshinta a ƙasa ba rangwamen take nema ba.

Goniyomita ba ya bin mutum cikin wannan motsi. Ba za ka ce wa mai ciwon gwiwa ta tsaya a tsakiyar tsuguno ba har ka daidaita rula. Bidiyo kuwa yana kamawa. Ina sa ta riƙe ƙarfen gado ta sauka iyakar inda za ta iya, sau biyu ko uku, ta miƙe ta huta. Daga baya ni da kwamfuta mu nemo hoton da ta fi yin ƙasa. A nan nake ganin ko gwiwar ce ta tsayar da ita, ko kuwa idon sawu ne ya ƙage har diddige ke tashi. Idon sawu yana da wajen digiri 20 na ɗagowa sama idan lafiya lau yake, kuma bayan ɗori sau da yawa shi ne ɓarawon da ba a zargi. In aka yi ta matsa gwiwa alhali matsalar tana ƙasa, an wahalar da baiwar Allah a banza.

Akwai wata Hajiya da ta karye a cinya, aka yi mata aiki, ta zo mana da gwiwa tana tsayawa a 70. Ta yi ta zuwa, tana cije leɓe, tana yin abin da aka ce. Wata rana ta zauna a bakin gado ta ce, "'Yar nan, ni fa na gaji. Kuɗin mota kawai nake ƙonawa, ƙafar nan tana nan yadda take." Ban yi mata musu ba. Na juyo da kwamfutar, na jera bidiyon ranar da ta fara zuwa da na ranar, na tsayar da kowanne a ƙarshen lanƙwasa. Na hagu 70, na dama 94. Ba lambar ta kalla ba. Ta sa yatsa a kan gilashin tana auna tazarar da ke tsakanin diddigenta da cinyarta a hoton farko, ta koma na biyu.

"Wannan duk ƙafata ce?"

"Taki ce, Hajiya. Wancan ranar da ɗanki ya kawo ki, wannan ɗazu."

Ta kira ɗan nata daga waje ta ce ya zo ya gani. Sauƙin da ke zuwa digiri biyu yau, uku wani mako, mai jikin ba ya jin sa, zafin kawai yake ji. Mutanen da muke rasawa, waɗanda ke daina zuwa ko su koma a murɗe musu gaɓa da ƙarfi, galibi a wannan gaɓar lokaci muke rasa su. Ko wannan kaɗai manhajar ke yi, ta biya wahalar kafa kyamara.

Tana kuma tona asirin dabarar jiki. Yaron da gwiwar hannunsa ta ƙage, in ka ce ya kai hannu baki, zai kai, uwarsa ta yi hamdala. Rage gudun bidiyon ka gani: wuya ne ya miƙo gaba, kafaɗa ta ɗago, gwiwar hannun ba ta ƙara komai ba. Binciken da Morrey da abokan aikinsa suka wallafa a 1981 ya nuna yawancin ayyukan yau da kullum suna buƙatar gwiwar hannu ta yi aiki tsakanin digiri 30 da 130. Kai loma baki da wanke fuska a alwala suna can wajen ƙarshen wannan zango. In na nuna wa uwa hoton da aka tsayar, ta ga kan ɗanta ne ke zuwa wajen hannu ba hannu ke zuwa wajen kai ba, ita da kanta take zama mai sa ido a gida.

To, iyakarta. Bidiyo shafi ɗaya ne, jiki kuwa yana motsi ta kowace fuska. Kinovea tana auna abin da ya faɗo a kan wannan shafi kawai. Idan kyamara ba ta fuskanci gefen gaɓar kai tsaye ba, ko mutum ya ɗan juya ƙafarsa waje yayin da yake lanƙwasawa, kwanar da ke kan allo ta bar ta gaskiya. Wani bincike da aka yi a Sifen, aka wallafa a mujallar PLOS ONE a 2019, ya gwada ta daga kusurwoyi daban-daban, ya samu tana ba da awo abin dogaro har zuwa nisan mita 5, amma ya ba da shawarar a kafa kyamara daidai tsaye da abin da ake aunawa in ana son sakamako mafi kyau. Wannan a kan zanen da ba ya motsi ne aka gwada. Mutum mai jin zafi yana karkacewa, fata kuma tana zamewa a kan ƙashi, filastan ya tafi da ita. Don haka lanƙwasa da miƙewar gwiwa, gwiwar hannu, ɗaga kafaɗa gaba ko gefe, waɗannan na yarda da ita. Juyawar ƙugu da murɗawar hannu kuwa, goniyomita nake ɗaukowa.

Maganin yawancin wannan shi ne a maimaita komai yadda aka yi jiya. In da tiya ka auna gero, kada gobe ka zo da wani kwano ka ce ya ƙaru. Na yi wa daɓen ɗakinmu alama da fenti: nan ƙafafun abin kafa waya, nan gado, nan mai tsuguno zai tsaya. Abin kafa wayar irin mai ƙafa uku ne da masu ɗaukar bidiyon TikTok ke saye a shagunan waya, ya wadatar. Tsayin kyamara daidai da tsayin gaɓar. A ja baya kaɗan, a sa gaɓar a tsakiyar hoto, saboda gilashin kyamarar waya yana lanƙwasa abin da ke gefe-gefe. Riƙe waya a hannu kuwa ɓata lokaci ne.

Haske ma sai an kula. A ɗaki mai duhu waya tana barin idonta a buɗe ya daɗe, sai ƙafa mai motsi ta fito dishi-dishi, ɗigon ya zama layi. In babu wuta, mukan buɗe labulen tagar da ke bayan kyamara, ba wadda ke bayan mara lafiya ba. Hoto 30 a daƙiƙa da waya ke ɗauka ya isa ga motsin asibiti. Mai son duba gudu ko bugun ƙwallo zai so 120 ko 240, kuma dole ya gaya wa manhajar da wane gudu aka ɗauka, in ba haka ba lissafin lokaci zai fita daga hanya. Sannan kada a tura bidiyon ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi ingancin ya ragu. A yi amfani da igiyar caji a kwafe kai tsaye.

Tana da dabarar bin alama da kanta: ka nuna mata ɗigo, ta bi shi cikin bidiyon, ta zana yadda kwanar ke sauyawa daga farkon taku zuwa ƙarshe. Idan haske ya yi kyau kuma babu abin da ya gifta, abin sha'awa ne. Amma a tafiya hannu kan wuce ta gaban alamar ƙugu, kuma duk manhajar da ke bin abin da take gani za ta rasa shi a nan, sai ka koma ka gyara da hannu. Wannan yana cin lokaci. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa ba na buɗe kwamfuta. Ina ɗaukar bidiyo a zuwan farko, sannan jefi-jefi, awon kuma sai bayan an tashi.

Akwai kuma abin da babu kyamarar da za ta gani. Idan na tura gaɓa zuwa ƙarshenta da hannuna, ina jin yadda ta tsaya: ko da taushi kamar nama ya haɗu da nama, ko da ɗan bayarwa na jijiya da ta ɗaure, ko kuwa ƙam, ƙashi ya daki ƙashi. Gwiwa biyu za su nuna 90 a allo, ɗaya tana buƙatar haƙuri da motsa jiki, ɗaya tana buƙatar a koma wajen likitan ƙashi a ɗauki hoto, wataƙila ma a tura ta asibitin ƙashi na Dala a Kano. Manhajar ba ta bambance su. Shi ya sa hankalina ba ya kwanciya idan na ji wani ya sauke ta yana auna mahaifiyarsa a gida yana danna mata ƙafa don lamba ta hau. Ƙashin da bai gama haɗewa ba yana iya sake karyewa a hannun mai kyakkyawar niyya.

Ga masu tambayar ko akwai wadda ta fi ta: akwai. Dartfish ta ƙasar Suwizalan tana yin irin wannan aiki da ƙarin kayan ado, amma ta kuɗi ce, kuɗin waje. Vicon na Ingila shi ne na manyan ɗakunan bincike, kyamarori da yawa kewaye da ɗaki suna auna motsi ta kowace fuska, kuma kuɗinsa ba na ƙaramin asibiti ba ne. OpenCap da masu bincike a Jami'ar Stanford suka fitar tana lissafa motsi ta fuska uku ba tare da manna alama ba, sai dai tana son na'urorin Apple da intanet mai ƙarfi, domin can a wajensu ake sarrafa bidiyon. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai, ba don tsadar data kawai ba.

Bidiyon da nake ɗauka bidiyon matan aure ne da iyayen mutane, zani a ɗage har cinya. Kafin in kunna kyamara sai na yi bayani, in nuna mata abin da zai fito, in ta ce a'a shi ke nan, goniyomita yana nan. Wasu kan ce sai sun tambayi maigida, in ce to. Fuska ba ta shiga hoton sai in kafaɗa ake aunawa, a nan ma ina sa ta juya ko ta rufe. Maza abokin aikina namiji ke ɗaukarsu. Mata kuwa ina ba su shawarar su zo da wando mai kama jiki a ƙarƙashin zani, a manna alamar ƙugu a kansa, duk da na san hakan yana rage daidaiton awon kaɗan. Na gwammace wannan ragin da a ce ta ƙi dawowa. Wayar da ake ɗauka da ita ta wurin aiki ce, ba ta shiga gida, ana kwafewa a goge. Fayil lamba yake ɗauka ba suna ba. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, amma ko babu doka, a garin da kowa ya san kowa, bidiyo ɗaya ya fita an gama da amanar wurin. Kasancewar Kinovea tana aiki a cikin kwamfutata ba tare da ta aika komai ko'ina ba, shi ya sa nake iya kallon Hajiya in ce mata wannan hoton ba zai bar ɗakin nan ba.

Abin da nake fata a ƙara mata shi ne Hausa. Tana da Turanci da Faransanci da wasu harsuna da dama, kuma masu sa kai ne ke fassara ta. Masu horar da yara ƙwallo da ke taruwa a wajen filin wasa na Muhammadu Dikko, da masu kula da 'yan dambe da kokawa, da yawansu za su amfana da ganin yadda yaro ke dira a kan gwiwarsa bayan tsalle, amma allon da ke cike da Turanci zai kore su tun daga farko. Kalmomin da ke cikinta ba su da yawan da zai gagari ɗaliban gashin ƙashi na Jami'ar Bayero in suka haɗa kai da wani ɗan sashen Hausa a hutu ɗaya.